Zanzaro na Bakwai

Na farko bai tashi ba.
Ya yi kuka a kan tebur, ya kewaya kansa
kamar baƙon da ya rasa alƙibla,
ya kife.
Mushe Zabairu bai ce uffan ba, alli kawai ya miƙo mini.
Ashe farfela biyu dama suke bi, biyu hagu,
ni kuwa na jera su sahu guda, kowa fuska ɗaya.

Na biyu ya kai tsayin gwiwa.
Na uku ya gaisa da dogon yaron tsakar lakwal,
har yau ƙafarsa ɗaya tana can sama.

Zanzaro muka sa masa,
don ƙugin da yake yi da siririn ƙugunsa.
Arzika ya ce sunan ya dace da Mushe ma,
da yake kullum rigarsa a cikin wando take.

Mun aro ma'auni wurin maƙerin azurfa a kasuwar Tawa,
irin wanda ake auna ɗan kunne.
Nan muka gane kwalliya nauyi ce.
Fentin da na shafa, giram huɗu.
Tutar da Arzika ya liƙa, giram biyu.
Cima ta ɗauki reza ta kankare su tas,
ba ta ko dube mu ba.
Ita ce mai dalma.
Hannunta ba ya rawa,
in ta haɗa waya da waya sai ka ce a haka aka haife su,
ƙaurin kuma ya bi mayafinta har gida.

Na huɗu rani ya ci.
Batir ya kumbura kamar fanke,
muka tsaya nesa muna kallon kuɗin tara wata biyu.
Daga ranar a gindin randa muke ajiye su,
in wuta ta ɗauke mu kai wa mai cajin waya a tasha,
dala ashirin, da roƙo.

Na biyar da na shida, kada a tambaye ni.
Suna cikin littafi, shafi goma sha ɗaya,
kowane shafi da tambayar Mushe a samansa:
me ya sa?

Ran da na sa tabarau na tashi da na bakwai,
ƙasa ta sake ni.
Ga rufin kwano, ga albasa an baza,
ga tabkin Babaye ya rage kamar faranti,
ga shanyar innata a Bilbis, zane uku da darduma.
Can ƙasa wasu yara huɗu a tsaye,
ɗaya ya sunkuya, yatsunsa na motsi.
Sai da na wuce na gane shi.
Ban taɓa ganin ƙeyata ba sai ranar.

Asabar aka yi tseren, a filin kokawa.
An rataye tsofaffin tayoyi shida,
yaran unguwa sun cika katanga,
mai cuku ya bar tirensa ya zo kallo.
Taya ta ɗaya, ta biyu, ta uku,
iska ta bugo daga gabas na kwanta mata,
ta huɗu,
ta biyar na ji ihun Arzika,
na saurare shi.

Yashi.

Waɗanda suka ci sun ɗaga nasu sama, an yi tafi.
Mu muna durƙushe muna tankaɗe ƙasa da yatsu,
muna neman kusa guda, ƙarama kamar ƙwayar gero.
Cima ta ɗago karyayyen hannun, ta duba bakin karayar a rana,
ta ce, nan ne, inda muka rage kauri.
Mushe Zabairu ya tsuguna, wandonsa ya sha ƙasa,
ya ce, nawa za ku ƙara?

Ba mu ba shi amsa ba.
Arzika ya riga ya juya bayan littafin,
yana neman wanda zai ara masa biro.